Paul Langerhans, Ɗalibin da Ya Gano Masu Gadin Fata

Duk wanda ya kai aji huɗu a makarantar nan ya ci karo da sunan Langerhans a darasin Bayoloji, wajen da ake maganar ciwon sukari. Mukan haddace sunan saboda jarrabawa, da ƙyar ma harshe ke juya shi, mu wuce abinmu. Ni kuwa na ga ya kamata a wannan fitowa ta mujallarmu in ba 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu tarihin mai sunan, don kuwa mutum ne wanda ya yi manyan ayyukansa guda biyu tun yana ɗalibi, bai girme mu da fiye da shekara biyar ko shida ba. Ɗaya daga cikin ayyukan nan, wanda ba a cika ambatonsa a aji ba, sai da aka shekara fiye da ɗari kafin a gane ma'anarsa.

An haifi Paul Langerhans a birnin Barlin ta ƙasar Jamus ran 25 ga watan Yuli, 1847. Mahaifinsa likita ne sananne, kuma ɗan siyasa, wanda daga baya har ya shugabanci majalisar birnin. Yana ɗan shekara shida mahaifiyarsa ta rasu, tarin fuka ne ya yi ajalinta. Ku riƙe sunan cutar nan, za mu sake gamuwa da ita a gaba. Yaron ya tashi da kaifin basira, har ma da ya zo ƙare sakandare aka ɗauke masa jarrabawar baka ta ƙarshe saboda kyawun sakamakonsa. A 1865 ya fara karatun likita a jami'ar Yena, sa'an nan ya komo Barlin ya ci gaba a hannun Rudolf Virchow, wanda a zamanin nan babu kamarsa a Turai wajen sanin yadda cuta ke ɓata sassan jiki. Virchow ne ya dage a kan cewa jikin mutum taron ƙananan ƙwayoyin halitta ne, kowace daga wata ta fito, kuma duk mai son gane cuta sai ya duba abin da ya sami ƙwayoyin nan.

To, duban nasu ba sauƙi gare shi ba. In aka yanko nama siriri aka sa a ƙarƙashin madubin likita, kusan kome fari fat yake fitowa, ba a bambance wannan da wancan. Sai an rina shi, kamar yadda marini ke sa zane a baba. Wani mataimakin Virchow mai suna Julius Cohnheim ya ƙirƙiro wani rini da ake haɗawa da zinariya, wanda ke kama jijiyoyin da ke kai saƙon ji, ya mai da su baƙi. Langerhans ya ɗauki rinin nan ya gwada a fatar mutum, yana so ya ga inda jijiyoyin ke ƙarewa. Sai ga wasu ƙwayoyi sun fito a cikin saman fata, kowace da rassa ta miƙa ko'ina kamar bishiyar kuka da rani, sun ratsa tsakanin sauran ƙwayoyin fatar. Ba wanda ya taɓa bayyana su kafinsa. Ya zana su da hannunsa, ya buga bayaninsu a 1868, lokacin bai wuce shekara 21 ba.

Da yake rinin jijiya ne ya kama su, ga su kuma da rassa irin na jijiya, sai ya ɗauka jijiyoyi ne. A ganina ba abin zargi a nan. Kowa aka ba waɗannan alamu biyu a wancan zamani, haka zai ce. A 1868 ba a ma tabbatar da cewa ƙwayoyin cuta ne ke kawo yawancin annoba ba, balle a san jiki yana da rundunar da ke yaƙarsu.

Bari in ajiye tarihinsa kaɗan in faɗi abin da ya faru da ƙwayoyin nan, don shi ne ya fi jan hankalina. Shekaru da yawa masana suna ta gardama a kansu. Wasu suka ce tsofaffin ƙwayoyin da ke ba fata launi ne, waɗanda suka gaji suka daina aiki. A 1961 Michael Birbeck a Ingila ya dube su da madubi mai aiki da lantarki, ya ga wasu 'yan abubuwa a cikinsu masu siffar sandar buga ƙwallon tanis. A 1973 wata likita a Amurka, Inga Silberberg, ta lura cewa in fata ta yi ƙaiƙayi da kumburi saboda wani abu da ya taɓa ta, fararen ƙwayoyin jini sukan zo su manne wa ƙwayoyin Langerhans. A wannan shekara dai, a jami'ar Rockefeller ta birnin New York, Ralph Steinman da Zanvil Cohn suka sami wasu ƙwayoyi masu rassa a cikin saifar ɓera, suka raɗa musu suna daga kalmar Girkanci mai nufin bishiya. Da farko mutane da yawa ba su yarda da su ba. A 1985 Steinman da Gerold Schuler suka nuna cewa in aka ciro ƙwayoyin Langerhans daga fata aka ajiye su kwana biyu ko uku, sai su rikiɗe su zama gwanaye wajen tayar da garkuwar jiki, tamkar waɗancan na saifa. Daga 1868 zuwa 1985, ku lissafa, shekara 117 ke nan.

Mene ne ainihin aikinsu? Hanyar da na fi ganewa ita ce in kwatanta su da mai unguwa. A garuruwanmu in baƙo ya sauka a unguwa, mai unguwa ba ya yanke masa hukunci da kansa. Yakan bincika, ya kai labari fada, a can ne ake da ikon tura dogarai. Haka ƙwayoyin nan suke zaune a saman fata, ba su kai biyar cikin ɗari na ƙwayoyin wurin ba, amma rassansu sun game ko'ina kamar koma. Dare da rana suna lalube, suna haɗiyar ɗan abin da suka tarar. In suka haɗiye ƙwayar cuta, sai su daddatsa ta ƙanana ƙanana a cikinsu, su ɗauki guntu su ɗora a kan wani ɗan faranti da masana ke kira MHC, su fito da shi bayan jikinsu inda za a gani. Wannan guntu shi ake kira antijen, watau alamar da za a gane baƙon da ita. Kamar dai a kai hular ɓarawo fada a ce ga abin da ya yar.

Fadar kuwa duk mun san ta, ko da ba mu san fada ce ba. Wanda ya taɓa yin tuntuɓe a filin ƙwallo, gyambon ya yi ruwa, ya san bayan kwana biyu kaluluwa kan fito masa a gindin cinya, ya riƙa ɗingishi. In a hannu ciwon yake, a hammata take fitowa. Kaluluwar nan ita ce wurin da masu kai labari ke zuwa, suna bi ta wasu siraran hanyoyin ruwa da ke cikin jiki. A can akwai wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira ƙwayoyin T, dubbai a kan dubbai, suna shiga suna fita. Abin mamaki game da su shi ne kowace alama ɗaya tak ta sani. Kuma ba ta iya ganin alamar a sake, sai an ɗora mata a kan farantin nan. Peter Doherty da Rolf Zinkernagel ne suka gano haka a 1974 a ƙasar Ostareliya, aka ba su lambar Nobel a 1996. Saboda haka mai kai labari sai ya tsaya da farantinsa, ƙwayoyin T su yi ta wucewa suna dubawa, har a dace da wadda ta san alamar. Ita kuwa da ta gani sai ta shiga rabuwa, ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama huɗu, cikin 'yan kwanaki an tara runduna. Taruwar nan da hayayyafar nan suna cikin abin da ke kumbura kaluluwa. Shi ya sa kuma jiki kan ɗauki kamar mako guda kafin ya shirya wa cutar da bai taɓa gani ba.

Amma a nan akwai wata matsala babba. Ƙwayoyin nan ba cuta kaɗai suke haɗiya ba. Suna haɗiyar matattun ƙwayoyin jikinmu, da ƙura, da ƙananan halittu marasa cutarwa waɗanda ke zaune a fatar kowa. Da a ce duk abin da suka kai fada sai an tura dogarai, da jiki ya cinye kansa da yaƙi. Ashe mai unguwar da ke buga kuge a kan kowane baƙo ya fi ɓarawo ɓarna. To, an gano cewa kai labarin yana da ƙa'idoji.

Na farko, muddin lafiya ake, ƙwayar takan yi ta haɗiya ne, amma ba ta barin faranti ya daɗe a waje. Da ta fito da shi sai ta sake janye shi ciki ta narkar. Sai fa in ta ji alamar haɗari. Tana da wasu 'yan na'urori a jikinta masu gane abubuwan da ƙwayoyin cuta kaɗai ke da su, kamar irin bangon da ke lulluɓe da bakteriya, suna kuma gane ruwan da ke fita daga naman da aka ji wa rauni. Da ta ji wannan sai halinta ya sake gaba ɗaya. Ta rage haɗiya, ta bar farantanta a waje su yi yawa su daɗe, ta saki maƙwabtan da take manne da su a fata, ta kama hanyar kaluluwa. Dalilin rage haɗiyar a fili yake, don abin da za ta nuna ya zama na wurin da aka yi ɓarnar ne, kada ta cakuɗa shi da tarkacen hanya.

Na biyu, ƙwayar T ba ta fita yaƙi da shaida ɗaya. Ban da alamar da ke kan faranti, sai mai kai labari ya nuna wata shaida ta biyu a jikinsa, wadda ba ta fitowa sosai sai ya ji haɗari. In aka nuna alama babu shaida ta biyu, ƙwayar T takan yi sanyi ne, ta daina kula alamar, wani lokaci ma ta zama mai hana 'yan'uwanta tashi. Watau ko da lafiya lau ake, akwai masu zuwa fada jefi jefi suna nuna alamun jikinmu don a san su, kada a taɓa su. Har ila yau mai kai labari yakan fitar da wasu sinadarai masu gaya wa ƙwayar T irin yaƙin da za a yi, don yadda ake yaƙar tsutsar ciki dabam yake da yadda ake yaƙar ƙyanda.

In ƙa'idojin nan suka kuskure, mukan gani a jikinmu. Akwai 'yan mata da in suka sa ɗan kunne mai araha sai kunnen ya yi ƙuraje yana ruwa, akwai kuma waɗanda bayan agogo ke yi wa haka a hannu. Wani ƙarfe ne mai suna nikel ke shiga fata, a kai labarinsa a matsayin abokin gaba, alhali ba cuta ba ce. Masu yin allurar rigakafi kuwa da gangan suke amfani da ƙa'idar. Tun 1926 aka san cewa in aka zuba ɗan alif a cikin wasu alluran sun fi kamawa, don yana ta da hankalin masu kai labari. Ciwon da dantse ke yi kwana ɗaya ko biyu bayan allura yana da nasaba da wannan.

Ya kamata in ƙara cewa binciken baya bayan nan ya nuna ƙwayoyin Langerhans ba su kaɗai ke aikin nan a fata ba. Akwai wasu masu rassa a ƙasa da su, waɗanda sau da yawa kan riga su isa kaluluwa. An kuma gano tun mutum yana ciki suke shiga fata, su ci gaba da sabunta kansu a wurin har tsufa. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne wani bincike da aka buga a 1993, wanda ya nuna cewa siraran jijiyoyin fata suna taɓa ƙwayoyin Langerhans, har suna fitar da wani sinadari mai rage musu ƙarfin nuna alama. Ashe dai ɗalibin nan bai yi nisa da gaskiya ƙwarai ba da ya haɗa su da jijiya.

Mu koma ga mutumin namu. Bai san ko ɗaya daga cikin abubuwan nan ba, ya wuce zuwa wani aiki. A watan Fabrairu na 1869 ya gabatar da kundinsa na zama likita, a kan wani sashen ciki mai suna pankiriyas, wanda ke kwance a bayan tumbi. Yawanci da na zomaye ya yi aikin. Ya ga wasu 'yan gungun ƙwayoyi a warwatse, dabam da na kewaye da su, ya bayyana su sarai, bai ƙaga musu wani aiki ba tun da bai san shi ba. Su ne tsibiran da muke haddacewa. A wannan shekara kuma shi da abokinsa Friedrich Hoffmann suka yi ta ɗura wa zomaye wani jan gari a jini, suna bin sawun inda yake zuwa, suka ga wasu ƙwayoyi a hanta da saifa da ɓargo suna kama shi suna riƙewa. Wannan ma yana cikin ayyukan farko a kan ƙwayoyi masu haɗiya.

A 1870 ya bi wani masanin taswira, Heinrich Kiepert, zuwa Misira da Siriya da Falasɗinu, har ya duba kutare a birnin Ƙudus ya yi rubutu a kansu. Ya dawo ke nan sai yaƙi ya ɓarke tsakanin Jamusawa da Faransa, aka ɗauke shi likitan soja. Bayan yaƙi, a 1871, ya sami aiki a jami'ar Firaibug, a 1874 aka ba shi muƙamin farfesa yana ɗan shekara 27. Kowa ya ɗauka ga magajin Virchow nan tafe.

A shekarar nan ta 1874 tarin fuka ya kama shi. Aikinsa na yau da kullum shi ne buɗe gawawwaki don gano abin da ya kashe su, da yawansu kuwa cutar ce ta kashe su. A zamanin nan babu magani. Sai a 1882 Robert Koch ya gano ƙwayar da ke kawo ta, maganin farko mai kashe ƙwayar kuwa sai wajen 1944. Abin da likitoci ke iya cewa kawai shi ne a nemi ƙasa mai ɗumi da iska mai kyau. Ya je Italiya bai sami sauƙi ba. A watan Oktoba na 1875 ya shiga jirgin ruwa zuwa Madera, wani tsibiri na ƙasar Fotugal da ke cikin tekun Atlantika, yamma da Maroko.

Ƙwayar tarin fuka tana da wani makirci da ya shafi maganarmu. In ƙwayoyin jiki masu haɗiya suka haɗiye ta a huhu, sai ta hana su narkar da ita, ta zauna a cikinsu tana hayayyafa, ta kuma rage musu yawan farantan da suke fitarwa. Labari kan yi jinkirin isa fada, kafin runduna ta taso ta riga ta kafa sansani. Allurar BCG da ake yi wa jarirai, wadda ta bar wa yawancinmu tabo a dantse, a cikin fata ake yin ta, inda masu kai labari suke da yawa. An fara yin ta a 1921, shekara 47 bayan ya kamu.

A Madera ya ɗan murmure. Wani a matsayinsa, wanda cuta ta raba da jami'a da ɗakin bincike yana tsakiyar ƙuruciya, da sai ya zauna yana jiran ranarsa. Shi kuwa da ya ga babu fatar mutum ko zomo da zai duba yadda yake so, sai ya duba abin da ke gabansa, watau teku. Ya shiga tattara tsutsotsin ruwa daga bakin gaɓa, yana duba su a madubi yana zanawa. Ya bayyana ire-ire da yawa waɗanda ba a san su ba, ya raɗa wa wani jinsi sunan malaminsa Virchow, kuma masana halittun teku suna komawa ga rubuce-rubucen nan nasa. Ya kuma buɗe wurin duba marasa lafiya a Funshal, babban birnin tsibirin. Yawancin masu zuwa wurinsa Jamusawa ne da Ingilishi masu irin ciwonsa. Har littafin jagora ya rubuta don baƙin da ke zuwa tsibirin, aka buga a 1885.

A 1885 ɗin ya auri Margarethe Ebart, wadda mijinta na fari yana cikin marasa lafiyar da ya yi jiyya har ya rasu. Shekara uku kaɗai suka samu tare. Ƙodarsa ta soma kasawa, ƙafafunsa suka kumbura, ƙarfinsa ya yi ta raguwa. Ya rasu ran 20 ga watan Yuli, 1888, saura kwana biyar ya cika shekara 41. An binne shi a maƙabartar Ingilishi da ke Funshal.

Shekara ɗaya bayan rasuwarsa, Oskar Minkowski da Joseph von Mering suka cire wa kare pankiriyas, karen ya kamu da ciwon sukari. A 1893 wani Bafaranshe, Édouard Laguesse, ya raɗa wa gungun ƙwayoyin nan suna tsibiran Langerhans, a 1921 kuma aka ciro insulin a birnin Toronto na ƙasar Kanada. Shi kuwa Steinman, wanda ya ƙarasa bayanin masu rassa, ciwon dajin pankiriyas ne ya kama shi a 2007, har aka yi ta gwada masa maganin da aka haɗa da irin ƙwayoyin da ya gano. Ya rasu ran 30 ga watan Satumba, 2011. Bayan kwana uku aka sanar da ba shi lambar Nobel, masu bayarwar ba su riga sun ji labarin rasuwarsa ba.